Tsirkiya Huɗu A Kubwa: Koyon Ukulele Ni Kaɗai, Da Abin Da Taro Ya Ƙara Mini



Tun ranar da aka sa bidiyon yaranmu a nan suna kaɗa wata 'yar ƙaramar jita a taron zumuncin bayan Sallah, saƙonni ba su daina shigo mini ba. Wasu na tambayar sunan abin, wasu na tambayar inda ake koyo, wasu kuma tambayarsu ita ce, me ya kai magidanci, ma'aikacin gwamnati mai furfura a gemu, ga kiɗa? Na ga ya fi sauƙi in amsa wa kowa a wuri ɗaya. Sunan abin ukulele. Abin da na fahimta a 'yan shekarun da na yi ina riƙe da ita kuwa shi ne, mutum zai iya koya wa yatsunsa kiɗa shi kaɗai a ɗaki, amma waƙa ba ta nuna sai ta sami masu amshi.

Bari in fara da asalinta, don mu san abin da muka sa a hannun 'ya'yanmu. A watan Agustan 1879 wani jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya isa Honolulu ta tsibiran Hawai, ɗauke da 'yan ci-rani daga tsibirin Madera na ƙasar Fotugal, waɗanda aka kawo aikin gonakin rake. Sun zo da ƙananan jitocinsu na gida. A cikinsu akwai kafintoci uku, Manuel Nunes da Augusto Dias da Jose do Espirito Santo, waɗanda daga baya suka buɗe shaguna suna sassaƙa irin wannan abin kiɗa da itacen Hawai. Sarkin ƙasar na lokacin, Kalakaua, ya so ta ƙwarai, har ta shiga fada. An fi fassara sunan da "ƙuma mai tsalle", wai saboda yadda yatsu ke tsalle a kan tsirkiyoyin. A 1915 aka kai ta wani babban baje-koli a birnin San Francisco, daga nan ta bazu a Amurka, ta wuce sauran duniya. Ke nan abin kiɗan baƙi ne da suka bar gida neman abinci. Mu da muka baro Katsina da Kano da Sakkwato da Zariya muka tare a Kubwa da Nyanya da Lugbe, ai labarin bai yi mana nisa ba.

Ni dai ban je nemanta ba. Wani abokin aikina ne ya dawo daga kwas a ƙasar waje ya kawo wa 'yata tsaraba, lokacin tana 'yar shekara bakwai. Ta yi wasa da ita kwana biyu, aka ɗora ta a saman wadrob ta sha ƙura. Sai ga annobar korona. A daren 30 ga Maris, 2020 dokar kulle ta fara aiki a Abuja, ba a sassauta ba sai 4 ga Mayu. Mutumin da ya saba fita da asuba don ya riga cunkoson titin Kubwa, ya dawo bayan magariba a gajiye, sai ga shi zaune a falo daga safe har dare. Na yi karatu, na yi barci, na gyara duk abin da ya lalace a gidan. A mako na biyu na sauko da ukulelen na goge ta.

Ga wanda bai taɓa riƙe ta ba, ga yadda take. Tsirkiyarta huɗu ce, ta roba mai laushi, ba ta ƙarfe irin ta jita mai yanka yatsa ba. A wuyanta akwai ƙananan ƙarafa da aka jera a gicciye, sun raba wuyan gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da muryarta. A kanta akwai kunnuwa huɗu da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya ko a sassauta. Ana saita tsirkiyoyin a kan muryoyin da ake kira G, C, E, A, daga ta sama zuwa ta ƙasa, kuma akwai manhajojin waya na kyauta da za su saurara su gaya maka ka ƙara ko ka rage. Girmanta iri huɗu ne: sofrano mai tsawon kamar inci 21, konsat mai 23, teno mai 26, sai baritun mai kusan 30, wadda saitinta daban ne da na sauran. Ta 'yata sofrano ce, ƙanƙanuwa, har idan na rungume ta matata kan ce kamar na ɗauki jinjiri.

Abin da ke jan mutane gare ta shi ne saurin ba da lada. Idan ka danne wasu tsirkiyoyi lokaci guda ka kaɗa, muryoyin suka haɗu suka ba da amo ɗaya mai daɗi, shi ne masu jita ke kira kod, mu kuma a wajenmu muna ce masa kamu. Kamun C yatsa ɗaya ne kacal, ka danne tsirkiyar ƙasa a gaɓa ta uku. Kamun Am ma yatsa ɗaya ne, tsirkiyar sama a gaɓa ta biyu. Ka bar wannan yatsan a wurinsa, ka ƙara manuniya a gaɓar farko ta tsirkiyar E, ka sami F. Sai G mai neman yatsu uku, wanda shi ne ke fara sa mutum zufa. Da waɗannan huɗun ana raka waƙoƙi masu ɗimbin yawa. A yini ɗaya za ka san su. Wahalar tana wajen sauyawa daga wannan zuwa wancan ba tare da hannun dama ya tsaya ba.

Tsarin da na bi mai sauƙi ne. Minti goma sha biyar bayan sallar Asuba, minti goma sha biyar bayan Isha'i, kullum. Na lura rabin awa a kowace rana ya fi awa huɗu a ranar Asabar kaɗai amfani, domin yatsa maimaici yake so. Nakan ɗauki kamu biyu in yi ta kai-komo a tsakaninsu a hankali, ina ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai na yi sau ashirin ba tuntuɓe kafin in ƙara sauri. Nakan naɗi kaina a waya in saurara, saboda kunnen mai kiɗa yakan yi masa kara lokacin da yake cikin yi, amma waya ba ta kara. Kan yatsuna ya yi zafi na mako biyu, sannan ya yi kanta, zafin ya wuce. Malamaina duk a YouTube suke, mutanen Amurka da Birtaniya da Filifin, ba wanda ya san da zamana a duniya. Sannu ba ta hana zuwa: kafin a buɗe ofisoshi sosai ina iya raka waƙa daga farko zuwa ƙarshe.

Koyo a kaɗaice yana da daɗinsa, kuma ba zan rage masa daraja ba. Ba mai ganinka balle ka ji kunya, abin da ke da muhimmanci ga babban mutum da ya fara abu daga baƙi. Kana iya maimaita wuri ɗaya sau hamsin ba ka takura wa kowa ba. Muryarta ba ta da ƙarfi, maƙwabci ba zai buga maka ƙofa ba, kuma ba ruwanta da an kawo wuta ko an ɗauke. A daren da zafin Maris ya hana barci, zama a baranda da ita ya sha kwantar mini da hankali.

Sai dai akwai wani wuri da na iso na tsaya cak. Duk waƙoƙin da na iya na Turanci ne, kuma ba su ne ke yawo a kaina ba idan ina tuƙi. Abin da ke kaina shi ne abin da na taso ina ji a rediyon mahaifina. Na fara sa faifan marigayi Ɗan Maraya Jos a waya, in rage saurin, in bi kuntiginsa da babban yatsa a kan tsirkiya guda. Alhaji Adamu Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015, ya nuna wa duniya abin da tsirkiya ɗaya da gwangwanin kifi da 'yar fata za su iya. Shi kaɗai yake waƙarsa, ba 'yan amshi, kuntigin ne ke amsa masa. Na riƙe shi a matsayin hujjar cewa mai kiɗa shi kaɗai ma cikakke ne. Amma da na ƙara saurare sai na ga Ɗan Maraya ɗaya ne a cikin dubu. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da makaɗan kalangunsa da 'yan amshinsa yake tafe. Musa Ɗanƙwairo haka. Barmani Choge da matan da ke kaɗa mata ƙwarya haka. 'Yan mata a dandali, mata a bakin turmi, yara a tashe, manoma a gayya, duk jagora ne ke bayarwa jama'a su karɓa. Waƙar Hausa rabinta tana bakin mai yi, rabinta tana bakin masu amsawa. Ni kuwa rabi ɗaya kawai nake da shi a barandata.

Taronmu ya faro ne ba shiri. Wani maƙwabcina Bagbagyi, mai kaɗa jita a cocinsu, ya ji ni ta katanga ya leƙo. Ya kawo wata ma'aikaciyar jinya 'yar Zariya wadda ta sayi ukulele ta ajiye ba ta taɓa ba. Ita kuma ta zo da ƙaninta da wani ɗan bautar ƙasa daga Jos. Wani tela da ke layinmu ya ce shi ba zai iya tsirkiya ba amma yana da murya. Cikin 'yan watanni muka zama manya takwas da yaran da ba sa ƙirguwa, muna haɗuwa ranar Asabar bayan La'asar a tsakar gidana. Idan yara sun sami hutu mukan ɗauki tabarmi mu tafi Millennium Park da ke Maitama mu zauna a inuwa.

Zaman farko hayaniya ce zalla. Duk wanda ya koya shi kaɗai yakan zo da agogonsa a cikinsa: ya yi sauri a wuri mai sauƙi, ya ja ƙafa a wuri mai wuya, ya tsaya ya gyara yatsa sannan ya ci gaba. A ɗaki waƙa tana jiranka. A taro ba ta jiran kowa. Maƙwabcin nan nawa, da yake ya saba da ƙungiyar mawaƙa, shi ya kafa mana ƙa'idojin farko. Mutum ɗaya ne zai ƙirga a fara. Wanda ya ɓata kada ya tsaya, ya ɗora tafin hagu a kan tsirkiyoyin ya kashe muryarsu, hannun dama ya ci gaba da tafiya, idan an zagayo ya shigo. Sabon shiga ya kaɗa sau ɗaya kawai a farkon kowane ƙirge, ya bar sauran. Idan mai waƙa ya buɗe baki, kowa ya sassauta hannu. Idan za a ƙare, jagora ya ɗaga wuyan ukulelensa sama kowa ya gani.

A nan na gane cewa rabin kiɗan taro saurare ne. Kunnenka ɗaya yana kan abin da kake yi, ɗayan yana kan na kusa da kai. Na kuma ga abin mamaki: ma'aikaciyar jinyar nan da ta shekara ba ta iya sauya kamu biyu ba, cikin wata guda a taro ta iya huɗu, don ba wanda ya ba ta damar tsayawa, kuma muryoyin sauran sun rufe mata tuntuɓenta har kunya ta sake ta. Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. A birnin Halifax na Kanada, tun ƙarshen shekarun 1960 wani malami mai suna Chalmers Doane ya shigar da ukulele makarantu, ana koya wa yara aji guda a lokaci ɗaya. A Birtaniya akwai ƙungiyar da aka kafa a 1985 wadda ba abin da take kaɗawa sai ukulele, kuma tana cika manyan zauruka. Abin kiɗa ne da jama'a ke yi masa kyau.

Amma babban malaminmu ba daga intanet ya zo ba, a bakin get yake zaune. Maigadin rukunin gidajenmu dattijo ne daga wajen Maraɗi, shekara da shekaru muna gaisawa, ban taɓa sanin yana da gurmi a ɗakinsa ba. Wata Asabar muna ƙoƙarin ɗora wata waƙar gaɗa a kan salon kaɗawar da duk masu koyarwa a YouTube ke farawa da shi, wato ƙasa, ƙasa, sama, sama, ƙasa, sama. Waƙar ta ƙi zama. Sai ya matso ya yi sallama ya ce, "Alhaji, a gafarce ni. Kiɗan ga naku tahiyar soja ce. Waƙar ga kuwa tahiyar raƙumi gare ta, sai da rangaji." Na ce, "Baba, to a nuna mana." Ya tafa hannu uku-uku, yana nauyaya na farko, ya ce mu ajiye kayan mu bi shi da tafi tukuna. Sai da tafin ya zauna a jikinmu sannan ya ce mu ɗauka. Nan take waƙar ta miƙe.

Mako na gaba ya zo da gurminsa, ƙoƙon duma da fata da tsirkiya biyu, irin wanda marigayi Haruna Uji ya yi suna da shi. Tun daga ranar, idan an zauna shi ne a kan kujera, mu da ake kira yallaɓai a ofis muna kan tabarma. Bai san G ba bai san C ba, amma idan tsirkiyar wani ta sauka ko da kaɗan ne, kafin manhajar waya ta nuna ya riga ya juyo ya kalle shi. Shi ya hana mu cika waƙa da kamu barkatai. Ya ce a waƙarmu ta gida kiɗa gajere ne mai zagayowa, magana ce ke tafiya a kansa. Yanzu mafi yawan waƙoƙin Hausa da muke yi kamu biyu ne, wani lokaci ma ɗaya, mutum biyu na tsinkar tsirkiya ɗaya-ɗaya irin na kuntigi, sauran na riƙe da taki, wata na kaɗa ƙwarya a kife.

Akwai wani sirri da ya sa ukulele ke karɓar waƙarmu cikin sauƙi. Galibin waƙoƙin gargajiyar Hausa a kan muryoyi biyar suke tafiya, ba bakwai irin na Turawa ba. Idan ka ɗauki jerin C, D, E, G, A, za ka ga huɗu daga cikinsu su ne ainihin muryoyin tsirkiyoyin ukulele ba tare da ka danne komai ba. Ta biyar ɗin, wato D, tana gaɓa ta biyu a tsirkiyar C. Ke nan da yatsa ɗaya yaro zai iya lalubo karin waƙar da kakarsa ke yi. Wani abin kuma da taro ya koya mana shi ne, Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Kukan hawaye da kukar miya haruffansu ɗaya, hawa da saukar murya ne ke raba su. Saboda haka idan ka ɗauki karin waƙar Turanci ka cusa masa kalmomin Hausa da ƙarfi, sai ka ji maganar ta karkace kamar a bakin baƙo. Telan nan namu shi ne alƙalin wannan. Idan ya yamutsa fuska, to kari ya taka kalma, sai a sake. Magana ce gaba, tsirkiya na biye.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki wannan al'amari da nauyi fiye da abin hutu. Mu iyayen Abuja mun san halin da muke ciki. Yaro ya tashi da Turanci a makaranta, Turanci a talabijin, Turancin buroka a layi. Ka yi masa Hausa ya amsa maka da Turanci. Idan an je gida hutun Sallah, kakarsa ta yi masa wasa ya tsaya yana kallonta. Ba dandali a unguwanninmu, ba a daka a turmi, tashe ma sai dai labari. 'Yata tana jin Hausa amma tana jin nauyin yin ta, don an taɓa yi mata dariya a gida. Na yi faɗa, na kafa dokar ba Turanci a falo, ba abin da ya canza.

Waƙa ce ta buɗe mata baki. Amshi gajere ne, layi ɗaya ne ake maimaitawa, kuma kowa na faɗa tare, ba mai jin karkacewar harshen wani. Daga amshi ta fara tambayar ma'anar kalmomi. Da muka ga haka sai muka roƙi kowa ya kira gida, iyaye mata da gwaggwanni su naɗo mana abin da suke tunawa ta WhatsApp: waƙoƙin reno, na daka, na gaɗa, na tashe. Mahaifiyata da farko dariya ta yi, ta ce me za a yi da waɗannan tsofaffin abubuwa a Abuja. Daga baya ita ke kirana ta ce ta tuno wata. Muna rubuta su a wani littafi, kowace da sunan garin da ta fito, da kamun da ya dace a saman kalmomin. Mun haura ashirin. Wata waƙar sai mu same ta iri biyu, ta Katsina daban ta Zariya daban, a yi ta gardama ana dariya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ba zan ɓoye muku cewa ba kowa ya yi na'am ba. Kawuna ya zo Abuja ganin likita ya sauka a wurina, ya ga abin a rataye. Bayan an ci abinci ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, a zuriyarmu ba a taɓa yin maroƙi ba. Me zan ce wa mutane?" Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, ba roƙo nake yi ba, ba a kuma yi mini liƙi. Jikokinka nake so su riƙe harshensu." Na fahimci damuwarsa. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kuma mun iya son waƙa muna raina mai yin ta. Mutum zai cika motarsa da faifan Shata, amma ya hana 'yarsa auren ɗan makaɗi. Ga kuma batun addini, wanda malamai suka daɗe da yin saɓani a kansa game da kayan kiɗa, kuma wanda ya zaɓi ya nisance su yana da magabatan da yake bi, ba mai ikon yi masa gori. Cikin ƙungiyarmu ma akwai wanda ya ce 'ya'yansa su zo su yi amshi da tafi amma kada su taɓa tsirkiya, muka ce madalla, kuma suna zuwa.

Abin da ke hannunmu shi ne tsabtace zaman. Ana kiran sallah ake ajiye komai. Ba batsa, ba zambo, ba habaici, ba waƙar siyasa. Ba a karɓar kuɗin kowa. Yara mata da iyayensu suke zuwa. Watan azumi hutu ne gaba ɗaya. Kawu ya zauna ya ga zaman Asabar ɗaya daga nesa, yana jan carbinsa. Bai ce ya yarda ba. Da zai tafi dai ya ce, "A kula da sallah, a kuma kula da karatun yaran." Na ɗauki wannan a matsayin amana.

Ga masu tambayar yadda za su fara, ga 'yar shawara. Shagunan kayan kiɗa a cikin gari suna sayar da ita, ana kuma samu ta intanet, amma a guji ta roba mai launi da ake sayarwa a wajen kayan wasan yara, don ba ta riƙe saiti. Yaro sofrano ta ishe shi, babba mai kaurin yatsu ya nemi konsat ko teno. Kafin ka biya, danna kowace tsirkiya a gaɓar farko, idan sai ka yi da ƙarfi to tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya, nemi wata. Sabuwar tsirkiya tana miƙewa, za ta yi ta sauka har mako ɗaya ko biyu, ba lalacewa ba ce, a yi ta saitawa. A kiyaye ta da hunturu, don bushewar iska na tsaga itace, a riƙa mayar da ita jakarta, kada kuma a bar ta cikin mota a rana. A yanke farcen hannun hagu. A fara da waƙar da aka riga aka haddace, domin hankali ya tattaru a kan yatsu.

Mafi muhimmanci, kada ka ce sai ka ƙware za ka shiga mutane. Da ka iya kamu biyu, nemi na biyunka, ko matarka ce ko ɗanka ko maƙwabci. Abin da za ka koya a ɗaki, ka koye shi a ɗaki, wato inda yatsa zai sauka. Riƙe taki, da sassauta hannu don wani ya fito, da komawa cikin waƙa bayan ka ɓata, waɗannan sai da jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma ba lallai sai ukulele ba. Idan a unguwarku akwai mai gurmi ko garaya ko kukuma yana gadi ko yana sayar da shayi, ku je ku gaishe shi, ku tambaye shi. Akwai irinsu da yawa a garin nan, muna wuce su kullum da gilashin mota a rufe.

Roƙona ga 'yan uwa na wannan shafi guda biyu ne. Na ɗaya, duk mai tsohuwa a gida, ya kira ta a wannan makon ya ce ta rera masa abin da aka yi mata reno da shi, ya naɗa ya adana, ko da ba zai taɓa kaɗa komai ba. Idan ya ga dama ya turo wa masu kula da shafi, za su iso da shi gare mu mu sa a littafi da sunan garinsu. Na biyu, 'yan Nyanya da Karu da Lugbe da Gwarimpa da ke cewa Kubwa ta yi nisa, ku kafa naku. Mutum uku da tabarma ɗaya sun isa. Idan kun shirya, za mu zo muku da littafin, mu zo da Baba in ya sami wanda zai riƙe masa get.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya bar zumunci.